Kalangun Baba a Kwamfutar Hamadu

Ni dai ban taɓa ganin marowaci irin ƙanena Hamadu ba, kuma uwa ɗaya uba ɗaya muke, balle wani ya ce ƙiyayyar 'yan uba ce ke magana. Wasu da kuɗi suke rowa, wasu da abinci. Shi da mahaifinmu ya yi mini rowa, bayan mahaifin ya kwanta dama.

Babanmu, Nomau Mai Kalangu, shi ne makaɗin mahautan Garuwa tun ina goye. Duk gidan Hausawan da ya kafu a unguwar Yelwa, fawa suke yi ko fatauci, yana da takensa a hannun Baba. Mutum zai shigo taro, Baba ya matse kalangu a hammata ya saki, kalangun ya kira sunansa da na kakansa, sai ka ga tsoho ya manta da ciwon gwiwa ya miƙe. Ni ma ina da nawa. Ranar da za a kai ni gidan miji a Mayo-Oulo ya yi mini shi, kuma daga ranar, duk zuwan da zan yi Garuwa, ina sauka a bakin layi zan jiyo shi daga zaure. Abin da kalangun ke cewa ba shi da yawa: shigo, Kaltumi, gidan ubanki ne. Amma ko da fushin miji na taho, ko da asarar kifin da nake sayarwa, in na ji wannan sai zuciyata ta sauka.

Hamadu bai gaji hannun Baba ba. An rataya masa kalangu tun yana ƙarami, yana dukansa kamar mai korar awaki daga shanya, har Baba ya haƙura ya karɓe. Ya yi lise, sakandaren can, ya bari, ya faɗa sana'ar kiɗan biki da na'ura, wai shi DJ. Abu ɗaya na yaba masa, kuma ko gaban alƙali zan maimaita. A shekarar Baba ta ƙarshe, da ido ya tafi, ƙafa ta daina kai shi taro, Hamadu ya zaunar da shi a ɗakin ciki, ya toshe taga da barguna, ya kafa makirfo a gaban kalangun, ya ɗauki takunan nan ɗaya bayan ɗaya ya zuba a kwamfutarsa. Nawa ma yana ciki. Baba ya rasu da damina, fatar kalangun ta tsage a rataye, ba wanda ya iya hannun. Abin da ya rage na Baba a duniya yana cikin wannan kwamfutar, kuma kwafi ɗaya ne tak.

Kwamfutar kuwa, wai laftof ce, amma in ka ɗaga ta sai ka rantse dutsen niƙa ne. Ta hannu ce ya saya a kasuwa, batirinta ya mutu tun kafin ta shigo Kamaru. Sai da waya a jikin wuta take numfashi, a zare wayar ta ɗauke nan take. Zafin Garuwa kuma ba ya raga mata. In za a yi biki sai ya ɗora ta a kan bulo, ya tura farantin ƙanƙara a ƙarƙashinta, ya kafa mata ɗan fanka a gefe, ya riƙa shafa ta da tafin hannu yana jin zafin jikinta. Matarsa ma ba ta samu wannan gatan ba, ku tambaye ta.

Sauran masu kiɗa a gari suna da sababbin na'urori, duk waƙar da ta fito Kano ko Duwala ko Abidjan tana hannunsu kafin ta huce. Amma gidajen Hausawa Hamadu suke kira, don shi kaɗai ke iya sa wa tsohon gida takensa da hannun Nomau. Ya san haka sarai. Shi ya sa ya ƙi kwafe takunan ko'ina, ba a faifai ba, ba a filashi ba. Cewa yake in ɗaya ya shiga wayar mutum ɗaya da safe, kafin magariba duk masu moto a Garuwa, 'yan acaɓa, sun tura wa juna, da shi wayarsu za ta riƙa ƙara.

Sai dai kwamfuta ita kaɗai ba ta cika layi da sauti. Miksa da lasifikoki da janareta na wani dogon Kirista ne ɗan unguwar Roumdé Adjia, Fulbert. Miksar ita ce wannan faifan mai maɓallai da ake ja sama da ƙasa, inda sautin kwamfuta da na makirfo ke haɗuwa kafin su fita lasifika. Hamadu ba shi da halin sayen irinta, Fulbert ba shi da takunan, sai suka zauna zaman doya da manja. In lasifika ta fara gurnani, Fulbert ya ce tsohuwar gawar nan ce ke jawo shi, Hamadu ya ce miksar ce ta sha ruwa. Kafin kowane biki sai Hamadu ya zagaya bayan miksar ya lalube kowace kafa da yatsa, kamar jandarma a shingen hanya, kada a ce an maƙala abin ɗaukar sauti. Fulbert yana tsaye yana kallonsa yana cizon leɓe.

Da mijina ya rasu na tattaro 'yata Aisatu muka dawo Garuwa. Na sauka a bakin layinmu da kaya, na taka har zaure, shiru. Wannan shirun ya fi rasuwar mijin ci mini rai, wallahi. Da na huta na je ɗakin Hamadu na ce ya zuba mini nawa a waya. Ban nemi na Sarkin Fawa ba, ban nemi na kowa ba, nawa kaɗai wanda ubana ya yi mini da sunana.

Bai ko ɗago kai daga goge kwamfutar ba.

"Adda, abin da ke cikin nan abincina ne."

"Ubanka ne kai kaɗai?"

"Da yake kwance wa ke juya shi? Kina can Mayo-Oulo kina shanya kifi."

Ya ƙara da cewa ranar da na zo na tarar ya toshe taga da barguna dariya na yi, na ce zai kashe tsoho da zafi a kan wasan yara. To, na faɗa, kuma zafin ake yi. Shi bai san ina da miji kwance a lokacin ba? Bai san hanyar Mayo-Oulo da damina ba? Ya sani, neman abin faɗa ne kawai. Daga ƙarshe ya ce in ina son ji, in zo ɗakinsa ya sa mini, amma matarsa ta fara caje ni tukuna. Ni Kaltumi, da na goya shi har ya yi mini fitsari a baya, a caje ni kafin in ji muryar kalangun ubana. Na tofar da yawu a bakin ƙofarsa na fita. Muka daina gaisawa, gida ɗaya, rijiya ɗaya.

Ana cikin haka aka sa ranar bikin Aisatu da wani malamin makaranta da ta kawo da kanta. Ina rumfata a kasuwa ina jera busasshen kifin Lagdo sai ga Fulbert ya tsaya a kaina, ya tare mini iska. Da Fulatanci ya fara, ya gauraya da Faransanci, don Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba. Ya ce kwamfutar ƙanena ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki in ta yi zafi. Ya taɓa jin wannan ƙarar a wata na'ura, kuma ba ta daɗe ba bayan nan. Ya faɗa wa Hamadu ya kwafe kayansa tun da wuri, Hamadu ya zage shi tas, ya ce baƙin ciki ne da dabarar sata.

Na san ba don Allah ya zo ba. In kwamfutar ta mutu, miksarsa ma ta zauna a gida tana shan ƙura. Amma gabana ya faɗi, don na gane in abin nan ya ɗauke, Baba ya sake mutuwa ke nan, kuma wannan karon ba sauran komai. Na tambaye shi ko akwai dabara. Ya waiwaya hagu da dama, ya ciro wata 'yar na'ura daga aljihu, ba ta fi kwalin ashana ba. Ya ce akwai kafa a bayan miksa, in an jona wannan, duk abin da ya bi ta miksar zai shiga ciki garau, ba hayaniyar mata, ba guɗa, ba ƙarar janareta. Ranar bikin 'yata dole a sa wa uwar amarya takenta, ko Hamadu yana so ko ba ya so.

Na ce nawa kaɗai zai ɗauka, ya zaro katin memorin da ke cikin na'urar ya miƙo mini a hannuna. In na ji shi a wayar wani, to ya nemi wani garin. Ya kama ɗan gicciyen wuyansa ya rantse. Ban yarda da shi ba ko na sisin kwabo, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Hamadu bai isa ya ƙi kiɗan bikin ba. Shi ne kawun amarya, in aka ɗauko wani daga waje bakin unguwa kaɗai ya ishe shi. Ranar wuni aka kafa rumfa a ƙofar gida, watan Afrilu, rana kamar za ta narka kwano. Bayan azahar suka jera kayansu a kan tebur da aka lulluɓe da atamfa. Na hango shi daga zaure ya zagaya bayan miksar yana lalube, ya duƙa har ƙarƙashin teburin, sannan ya zauna ya tura wa gimbiyarsa ƙanƙara.

Ya sa waƙoƙin 'yan mata suka yi ta tsalle. Ya sa taken gidan Sarkin Fawa, matan gidan suka fito ana yi musu liƙi. Ya sa na dangin ango ta wajen uwa, ya sa na wata tsohuwa da ba ma gayyatarta aka yi ba. Ni da ke aurar da 'ya ina zaune cikin leshi ina tsiyayar gumi, ya yi kamar bai san ina wurin ba. Bai kuma tashi daga teburin ba ko don shan ruwa. Fulbert na gefensa da 'yar na'urar a aljihu, yana satar kallona, ni ina hararsa.

Sai aka kira la'asar. A unguwarmu ko bikin wa ake yi, in ladan ya buɗe baki kiɗa ya tsaya. Fulbert ya ja maɓalli ƙasa, wuri ya yi tsit. Hamadu ya dubi kwamfutar, ya dubi masallacin da ke tsallaken layi. Kashe ta ba ya yiwuwa, don in ta mutu da zafi a jikinta sai ta ga dama take tashi. Ɗaukar ta ma ba ya yiwuwa, tana ɗaure da waya. Dattawan gidan ango kuma suna tsaye suna jiran kawun amarya ya wuce gaba. Ya kulle fuskarta da lambobinsa, ya nuna Fulbert da yatsa, ya tafi. Masallacin ya cika, a waje ya samu sahu, teburin na bayansa. Yana ɗaga hannu ya yi kabbara, Fulbert ya duƙa. Kafin a kai ruku'u ya jona abinsa ya tura ƙarƙashin atamfar.

Da aka idar aka dawo, ƙawayena suka tashi da guɗa suna kiran uwar amarya. Suka jawo ni tsakiyar fili, aka buɗe mini da'ira. Yanzu kam ba shi da mafita. Ya zauna, ya buɗe kwamfutar, ya fara neman taken. Ni ina tsaye, rabona da jin kiɗan nan tun Baba na da rai.

Fankan nan nasa ne ya tona mu. Yana juyawa ya ɗaga gefen atamfar, ɗan jan hasken na'urar ya leƙo. Na ga idon Hamadu ya sauka a kai. Ya bi wayar da kallo har bayan miksa, ya dubi Fulbert, sannan ya ɗago ya dube ni. Na zaci zai fizge ta ya yi jifa da ita. Da ma hakan ya yi. Sai ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya bar ta a jone, ya jawo makirfo ya kai bakinsa.

A gidanmu ba a magana a kan take. Baba ko tari mutum ya yi yana tsakiyar taken wani sai ya tsaya ya sake daga farko, ya ce kalangu na magana, ɗan Adam ya jira. Hamadu da duk iskancinsa bai taɓa karya wannan ba, ko a bikin da ya fi kowanne hayaniya. Shi ya sa da ya danna, kalangun ya fito daga manyan lasifikokin nan kamar Baba na zaune a zaure, ban kawo komai a raina ba. Na ɗaga ƙafa zan taka.

"Jama'a, kowa ya riƙe jakarsa," in ji shi a makirfo. "Akwai ɓarayi a wurin nan. Wani da wando, wata da leshi."

'Yan mata suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasan DJ ne. Ya ci gaba. Ya kira sunansa, ya sake kira, ya ja shi kamar mai tallar magani. Ya gaida masu moto, ya gaida masu sayar da ƙanƙara, ya gaida mutanen Pitoa da na Lagdo da duk wanda ya zo bakinsa. Ya dawo kan masu gudun jinya su dawo rabon gado, masu zuwa da kwano bayan an sauke tukunya. Bai yi shiru ba sai dai jan numfashi. A ƙarƙashin muryarsa ina jiyo Baba yana kirana, shi kuma yana tattake kiran da bakinsa. Fulbert ya kai hannu zai ja maɓallin makirfon ƙasa, Hamadu ya dafe maɓallin da tafinsa, ya tura shi sama har lasifika ta yi ƙara. Suka shiga kokawar hannu a kan miksar, shi yana ta magana.

Tsofaffin mata su suka fara ganewa. Dariya ta mutu daga layin gaba ta bi har baya. Wata gwaggonmu ta miƙe tana ce masa ya ji tsoron Allah ya yi shiru, wasu suka taya ta, bai ko dube su ba. Ni kuwa ina tsakiyar fili, ƙafa ɗaya a gaba, na kasa rawa na kasa komawa kujera. Ban yi kuka ba. Na rantse a raina ba zai ga hawayena ba, na tsaya ƙyam ina kallonsa har taken ya ƙare.

Yana ƙarewa ya ajiye makirfon, ya kama wayar wutar kwamfutar ya fizge. Fuskarta ta yi baƙi. Ya rufe ta da ƙarfi, ya ɗaga ta, gefenta ya doki farantin, ruwan ƙanƙarar ya watsu a teburin. Ya naɗe ta da tawul da zafinta, ya tare mai moto ya haye, ya bar bikin 'yar yayarsa. Fulbert ne ya jona wayarsa a miksa aka ƙarasa wunin da waƙoƙin da kowa ke da su. Aisatu ta yi kuka a ɗaki har kwalliyarta ta lalace, dangin ango kuma suka samu abin tafiya da shi gida.

Kwamfutar ba ta sake tashi ba.

Labarin a bakin matarsa na fara ji, ta katanga, tana faɗa wa maƙwabciya. Ya jona ta da safe, ta yi ƙas-ƙas ɗin nan, ta yi shiru. Ya kai ta wurin Pierre mai gyara a babbar kasuwa. Pierre ya buɗe cikinta ya ce abin da ke riƙe da kayan ya daɗe yana ciwo, fizgar wutar da jijjigar moto suka ƙarasa shi. Hamadu ya ce ƙarya ne, Fulbert ne ya saye shi. Ya ɗauke ta ya hau mota zuwa Ngaoundéré, aka faɗa masa haka. Ya tsallaka Yola, aka faɗa masa haka. Ya dawo da ita a jaka ya tura ƙarƙashin gado. Taken Sarkin Fawa, na gidajen fatake, na tsofaffin da suka mutu da na waɗanda ke raye, duk sun tafi. Na ji zafin wannan har cikin ƙashina, amma ban taka ɗakinsa na yi masa jaje ba.

Fulbert ya cika alkawari, ban san ko don gicciyen ba ne ko don abin ba shi da amfani a wurinsa. Ya kawo mini katin a rumfa, ya ajiye a kan tire ya ce sun raba gari da ƙanena, ya samu wani yaro mai sabuwar na'ura. Na sa katin a 'yar rediyota da na koma gida, na rufe ƙofa. Ya ɗauku garau kamar yadda ya ce. Ba guɗa, ba janareta. Baba a ƙasa, Hamadu a sama, daga farko har ƙarshe. Na kai wa Pierre na ce ya cire mini muryar ya bar kalangun. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce in na iya cire gishiri daga miyar da ta dahu in zo in koya masa.

Bukukuwa suka daina zuwa wa Hamadu. Wa zai kira shi? Takunan ake bi, ba kyan fuskarsa ba, ga kuma abin da ya yi a gaban mutane. Ya rame, ya daina fita sai masallaci. In mun haɗu a bakin rijiya ya kau da kai, ni ma in kau da nawa.

Wata safiya ina tsakar ɗakina ina ɗaure kifi a kwali sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Na ɗaga labule, shi ne. Bai gaishe ni ba, ni ma ban ba shi wurin zama ba.

"Adda, an ce yana wurinki."

"Me?"

"Na Baba."

Na so in ce masa abincina ne. Maganar ta zo har bakina. Amma na ga akwai abin da ya fi wannan, sai na matsa na bar shi ya shigo. Ya tsuguna a bakin ƙofa. Na ɗauko rediyon na ajiye a gabansa, na sa katin, na murɗa ƙarar har ƙarshe.

Kalangun ya fara, sai muryarsa ta faɗo a kai tana cewa kowa ya riƙe jakarsa. Ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya kai hannu zai rage ƙarar, na buge hannun, na ce in ya rage kansa Baba ma raguwa zai yi, ya zauna ya ji. Ya ji sunansa ana ja. Ya ji gaisuwar masu ƙanƙara. Ya sunkuyar da kai ya karkata kunne wajen rediyon, yana ƙoƙarin kamo abin da ke ƙasa, na ga yatsunsa na motsi a kan gwiwa suna bin kiɗan.

Akwai wuri ɗaya wajen tsakiya da numfashi ya ƙare masa a ranar, ya tsaya ya ja iska. A nan kalangun ke fitowa shi kaɗai, tsaf, ya ce shigo, ya fara sunana, sai muryar ta dawo ta rufe sauran. Da aka zo wurin Hamadu ya ɗago da sauri ya ce in mayar. Na mayar. Ya ce in sake. Na sake. Aka zo wurin, Baba ya fara kirana, aka ji Hamadun cikin rediyo ya ja numfashi zai ci gaba. Sai na ji wannan na gabana ya matso da bakinsa kusa da rediyon.

"Ka yi shiru mana," ya ce. "Don Allah ka yi shiru."

Na cikin rediyon ya ci gaba da gaida mutanen Pitoa.

Na ce masa ai ranar ma an roƙe shi haka, gwaggo har da miƙewa tsaye. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a tabarmata. Na bar shi ya ji har ƙarshe. Sannan na kashe rediyon, na zare katin na ƙulle a bakin zanina, na ce ya tashi zan tafi kasuwa.